Babi na Bakwai: Shuhada, Tashar da ke Ƙarƙashin Dandalin Ramsis

A saman ƙofofin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Alƙahira akwai wata siririyar taswira mai ɗauke da jerin tashoshi, da Larabci da rubutun boko. A makonnin da suka biyo bayan 11 ga Fabrairun 2011, ranar da Husni Mubarak ya sauka daga mulki, wuri ɗaya a jikin taswirar nan ya ga ta kansa. Wani ya kankare shi da bakin makulli, wani ya shafe shi da baƙin alƙalami, wani ya manna masa takarda. A wasu taragun kuma an rubuta wani suna da hannu a gefen kankararren wurin: Shuhada, wato shahidai. Ba hukuma ce ta sa ba. Fasinjoji ne, kowa da abin da ya samu a aljihunsa, suna tsaye jirgi na jijjiga su, suna gyara taswirar birninsu.

Tashar da ake wa wannan aiki tana ƙarƙashin Dandalin Ramsis, daidai gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Masar. A nan layi na ɗaya da layi na biyu suke haɗuwa. Baƙauyen da ya sauko daga jirgin Iskandariyya ko na garuruwan kudu, da jaka a ka da takardar asibiti a hannu, ta matakalar nan yake fara nitsewa cikin Alƙahira. Kusan shekara ashirin da huɗu allunan tashar suna ɗauke da sunan Mubarak. Amma cikin duk sunayen da wannan wuri ya taɓa amsawa, na kan allon shi ne ƙarami a shekaru, kuma shi ne mafi rauni a bakin mutane.

Filin da aka haƙa ramin a cikinsa ya daɗe yana cin sunaye. A shekara ta 640, lokacin da Amru ɗan Asi ya shigo Masar da rundunar Musulmi, akwai wani ƙauye a nan bakin Nilu mai suna Ummu Dunain, kuma an gwabza da Rumawa a kansa. Wanda ya san Ramsis ta yau zai yi mamakin jin bakin Nilu, domin sai ya yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya yamma kafin ya ga ruwa. A wancan zamani kogin ta nan yake bi. Da Fatimiyyawa suka gina Alƙahira, wurin ya zama Maƙs, mashigar jiragen ruwa ta birnin, inda ake karɓar kuɗin fito kuma ake ƙera jiragen yaƙi. Salahuddin Ayyubi ya sa aka ja ganuwar birni har zuwa nan, a hannun wakilinsa Baha'uddin Ƙaraƙush, mutumin da har gobe Misrawa suke buga misali da shi idan an yanke hukuncin da ba kai ba gindi. Ƙofar ganuwar da ke kallon ruwa ita ce Babul Bahri, kuma akwai titi a unguwar da ya riƙe sunan har yanzu.

Sai kogin ya juya wa wurin baya. A ƙarni na 13 da na 14 Nilu ya riƙa ja yamma yana barin tudu, unguwar Bulak ta tsiro a kan sabuwar ƙasar, ta ƙwace harkar jiragen ruwa. Maƙs ta koma bakin gari. Daga baya sunan da ya rinjaya a wurin shi ne Babul Hadid, Ƙofar Ƙarfe, kuma da shi dogo ya tarar da unguwar.

A 1851 Abbas Pasha, mai mulkin Masar, ya ƙulla yarjejeniya da injiniyan Ingila Robert Stephenson a kan shimfiɗa dogo daga Iskandariyya zuwa Alƙahira. An buɗe ɓangaren farko a 1854, jirgi ya iso Alƙahira a 1856, kuma wannan ne dogo na farko a nahiyar Afirka. Tashar farko ta ƙone a 1882. Ginin da ke tsaye yau, mai bakunan ƙofofi irin na masallatan Mamluk, na farkon shekarun 1890 ne. A gefensa akwai gidan tarihin jirgin ƙasa da aka buɗe a 1933, wanda yawancin masu wucewa ba su ma san da shi ba, don mai gudun kada jirgi ya bar shi ba ya tsayawa kallon tsohon jirgi.

Dandalin da ke gaban tashar ya karɓi manyan baƙi biyu na dutse, ɗaya bayan ɗaya. Na farko aikin Mahmud Mukhtar ne, masassaƙin da Masar take alfahari da shi, mai suna Nahdatu Misra, Farkawar Masar: wata 'yar ƙauye tana ɗage mayafi daga fuskarta, ɗaya hannun a kan zakin nan mai kan mutum yana yunƙurin miƙewa. Da gudummawar jama'a aka fara aikin, bayan boren 1919 na ƙin mulkin Ingila, aka kuma yaye masa ƙyalle a 1928. Ya shekara ashirin da bakwai yana tarbar matafiya. A 1955 sabbin masu mulki, sojojin da suka kori Sarki Faruƙ, suka ɗauke shi zuwa Giza kusa da Jami'ar Alƙahira, suka kawo wanda ya fi shi girma da tsufa.

Wannan shi ne mutum-mutumin Ramsis na Biyu, na jan dutsen Aswan, tsayinsa mita 11, nauyinsa tan 83, shekarunsa sun kai 3,200. An gano shi a Mit Rahina, kufan tsohon birnin Memfis, a kwance, a karye. Aka harhaɗa shi, aka tsayar a tsakiyar dandalin da maɓuɓɓugar ruwa a gabansa, aka sa wa filin da babban titin da ya ratsa shi suna Ramsis. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa wannan sarki shi ne Fir'aunan Annabi Musa, masu binciken tarihi kuwa ba su haɗu a kan haka ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne Ramsis na Biyu ya yi mulki shekara sittin da shida, kuma ya shahara da sa a sassaƙa sunansa a jikin gine-ginen da waɗanda suka gabace shi suka gina. Idan ana neman kakan masu son ganin sunansu a bango, ba sai an je da nisa ba.

Sabon suna bai kama nan take ba. A 1958, shekara uku bayan zuwan Fir'auna, Yusuf Shahin ya yi fim ɗinsa da ake lissafawa cikin manyan finafinan Larabawa, ya ɗauke shi a cikin tashar nan, ya kuma sa masa suna Babul Hadid. Shi da kansa ya fito a matsayin Ƙinawi, gurgu mai tallar jarida wanda son Hanuma mai sayar da lemon kwalba ya zautar, Hind Rustum ce ta fito a Hanuma, Farid Shauƙi kuma ɗan dako mai fafutikar kafa ƙungiyar 'yan dako. 'Yan kallon wancan lokaci ba su so fim ɗin ba, sai bayan shekaru aka gane darajarsa. Tsofaffin Alƙahira sun ci gaba da cewa Babul Hadid har suka ƙare. 'Ya'yansu ne suka tashi da Ramsis a baki.

Maganar haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa ta daɗe tana yawo a ofisoshin gwamnati kafin a sa magirbi a ƙasa. Birnin ya kumbura, motocin bas suna tafiya a karkace da mutane rataye a ƙofa. Tsarin da aka ɗauka a ƙarshe na Faransawa ne, kuma da kuɗinsu da kamfanoninsu aka fara aiki a farkon shekarun 1980. Dabarar mai sauƙi ce. Akwai tsohon dogo da ke tasowa daga Hulwan a kudu ya tsaya a Babul Luƙ, akwai wani da ke tasowa daga Marg a arewa ya tsaya a Kubri Laimun, gefen babbar tasha. Tsakaninsu tsakiyar birni ce. Sai aka ce a haƙa rami na ƙasa da kilomita biyar a ɗinke su. Shi ya sa mai hawa layi na ɗaya, wanda tsawonsa ya kai kilomita 44 da tashoshi 35, yake shafe mafi yawan tafiyarsa a sarari yana kallon bayan gidajen mutane da shanyarsu. Tashoshi biyar kacal ne a ƙarƙashin ƙasa.

Gajeren ramin nan ya ci shekaru. Buɗe titi aka riƙa yi daga sama, a gina bango da rufi, a mayar da ƙasa. Ruwa yana kusa a ƙasar Alƙahira, ga bututu da wayoyi da aka binne tun zamanin Turawa waɗanda ba kowanne ne yake a takarda ba. Mazauna tsakiyar birni sun sha ƙura da rufe hanya da fashewar bututu. A ranar 27 ga Satumban 1987 aka buɗe ɓangaren farko, daga Hulwan zuwa Ramsis, Jacques Chirac, firaministan Faransa na lokacin, yana gefen Mubarak. Shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Afirka da ƙasashen Larabawa. A 1989 layin ya ƙarasa Marg.

Tashoshin da ke sarari sun riƙe sunayen unguwanninsu: Ma'adi, Sayyida Zainab, Mar Girgis, Gamra. Biyar ɗin nan na ƙarƙashin ƙasa, sababbi fil, su aka keɓe wa manya. Daga kudu zuwa arewa: Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasir, Urabi, Mubarak. Sa'ad Zaglul jagoran boren 1919 ne, kuma tasharsa tana kusa da gidansa da kabarinsa, don haka ba wanda zai ce an yi son kai. Ahmad Urabi hafsan soja ne ɗan manoma wanda ya yi wa Khidiwi, mai mulkin Masar na lokacin, tawaye, Ingilishi suka karya shi a Tallul Kabir a 1882, suka kai shi gudun hijira tsibirin Silon, bai dawo ba sai 1901. Nasir da Sadat ba sa bukatar gabatarwa. Huɗun nan duk sun riga mu gidan gaskiya kafin a buɗe layin. Na biyar ne kaɗai yake da rai, shekararsa shida kacal a kan kujera, kuma tashar da ta faɗo masa ita ce ta ƙofar birni, wadda duk mai shigowa ta dogo sai ya karanta allonta. Jerin yana cewa tarihin gwagwarmayar Masar ya taso daga Urabi ya zo ya sauka a kan mai mulkin yau. A ganina wannan gaggawa ce. Mutum ba ya rubuta wa kansa ta'aziyya.

Akwai wanda aka tsallake. Muhammad Najib shi ne shugaban Masar na farko bayan an soke sarauta a 1953. Nasir da abokansa suka tuɓe shi a 1954, suka tsare shi a wani gida a Marg, wato ƙarshen wannan layi, ya yi shekaru a can ba a ko ambaton sunansa a littattafan makaranta. Ya rasu a 1984. Sai da aka zo gina layi na biyu aka tuna da shi, aka ba shi tasha a kusa da Fadar Abidin.

Layi na biyun ne ya mayar da tashar Mubarak mahaɗa. An buɗe ɓangarensa na farko a 1996, daga Shubra zuwa Ramsis, daga baya ya bi ta Ataba da Tahrir, ya ratsa ƙarƙashin Nilu ya fita Giza. Wannan karon da injin haƙa rami aka yi aikin, can ƙasa, ba tare da an fasa tituna duka ba. Layukan biyu ba su ma sha wuta iri ɗaya ba: na ɗaya daga wayar sama yake ja, kamar jiragen bayan gari da ya gada, na biyu kuma daga wani dogo na uku da ke gefen hanya.

Shekara goma sha tara Fir'auna yana tsaye a sama, Mubarak yana rubuce a ƙasa. A ƙasar da ake kiran azzalumin shugaba da fir'auna, ƙasar da aka ruwaito cewa sojan da ya harbe Sadat a 1981 ya yi ihun ya kashe Fir'auna, wannan haɗi bai wuce idon masu barkwanci ba. Na saman ne ya fara tafiya. Hayaƙin motoci ya dame shi, gadar sama ta 6 ga Oktoba ta rufe masa fuska, jijjigar jirage daga ƙasa tana taɓa shi dare da rana. A daren 25 ga Agustan 2006 aka ɗaga shi a tsaye cikin kejin ƙarfe, aka ɗora a kan manyan tireloli, aka ja shi a hankali wajen awa goma zuwa Giza. Kafin ranar sai da aka gwada hanyar da wani kwafinsa mai nauyi ɗaya. Dubban mutane suka kwana a titi suna rakiya, wasu a baranda, wasu a kan gada, mata na guɗa. A 2018 aka ƙara matsar da shi zuwa zauren shiga na sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar Giza. Dandalin ya rasa Ramsis, sunan kuwa ko gezau.

Na ƙasan ya bi bayan shekara huɗu da rabi. Zanga-zangar da aka fara ranar 25 ga Janairun 2011 ta ɗauki kwana goma sha takwas, kuma kwamitin bincike na gwamnati ya ce aƙalla mutum 846 aka kashe. Ranar 21 ga Afrilu wata kotu a Alƙahira ta ba da umarnin a cire sunan Mubarak da na matarsa Suzan daga duk wuraren gwamnati. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin ɗaruruwan makarantu ne suke ɗauke da sunayen, ban da tituna da asibitoci da ɗakunan karatu. Har makarantar horar da 'yan sanda, inda aka gurfanar da shi a cikin keji a watan Agustan shekarar, sunansa take amsawa kafin nan. Hukumar jirgin ta bi abin da fasinjoji suka riga suka rubuta, ta sauya alluna zuwa Shuhada. Bayan 'yan watanni kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan hukunci, bisa cewa ba hurumin kotun farko ba ne. Ba wanda ya yi ƙarfin halin mayar da tsohon allo.

Dalilin da ya sa sabon sunan ya zauna ya cancanci a tsaya a kansa, don abubuwa da yawa na 2011 ba su zauna ba. Zanen fuskokin matasan da aka kashe, wanda ya cika bangon titin Muhammad Mahmud, an shafe wasu an rushe wasu. Ranar 25 ga Janairu ta koma ana ambatonta da bikin 'yan sanda fiye da juyin juya hali. Shi kansa Mubarak kotu ta wanke shi a 2017, da ya rasu a Fabrairun 2020 aka yi masa jana'izar soja da makokin kwana uku. Duk da haka tashar tana nan a Shuhada. Abin da ya tsare ta shi ne sunan bai ambaci kowa ba. Waɗanda suka rubuta shi da alƙalami matasan Janairu suke nufi. Amma kafin shekara ta zagayo an sami Kiristocin da aka kashe a Masbiro, sai matasan titin Muhammad Mahmud, sai magoya bayan ƙungiyar Ahli da suka mutu a filin ƙwallon Fot Sa'id a 2012. Sai mamatan 2013. Sai sojoji da 'yan sandan da ake kashewa a Sina'i. Kowane ɓangare yana kiran mamatansa shahidai, kowa ya ɗaga kai ya ga allon sai ya karanta nasa. Gwamnatin da ta zo ba ta da dalilin cire shi, kuma da ta cire da ta jawo wa kanta magana. Wannan ƙarfi ne, amma kuma asara ce ga waɗanda aka sa sunan dominsu, domin yaron da aka haifa bayan 2011 zai iya wucewa ta tashar kullum bai san shahidan wace rana ake nufi ba.

Dandalin ma ya ƙara nasa a lissafin. A gefensa akwai Masallacin Fatahu, mai doguwar hasumiyar da ake hangowa daga nesa, wanda aka buɗe a 1990 a gurbin wani tsohon masallaci na zamanin Maƙs. Ranar Juma'a 16 ga Agustan 2013, kwana biyu bayan an tarwatsa zaman dirshan da suke yi a dandalin Rabi'atul Adawiyya, magoya bayan hamɓararren shugaba Muhammad Mursi suka taru a Ramsis. Aka yi harbi, mutane da yawa suka mutu, masallacin ya zama asibiti da ɗakin ajiye gawa, ɗaruruwa suka kwana a ciki jami'an tsaro na kewaye da su, sai washegari aka fitar da su. Duk wannan a saman rufin tashar ya faru.

A makon ne kuma tashar ta shiga mafi wuyar zamaninta. Ranar 14 ga Agusta hukuma ta rufe tashar Sadat da ke ƙarƙashin Dandalin Tahrir, don kada masu zanga-zanga su riƙa ɓullowa daga ƙasa. Jirage suka riƙa ratsa ta cikin duhu ba tsayawa. To, wurare biyu ne kawai ake sauya jirgi tsakanin layi na ɗaya da na biyu, Sadat da Shuhada. Da aka rufe ɗaya, duk kayan suka koma kan ɗaya. Ma'aikacin da ke zaune a Ma'adi yana aiki a Duƙƙi, wanda da zai sauka a Sadat ya sauya, dole ya wuce har Ramsis, ya kutsa cikin taron, ya hau na biyu ya dawo baya. An ɗauka abin na kwanaki ne. Sai ranar 17 ga Yunin 2015, ana jajibirin azumi, aka buɗe Sadat, bayan wata ashirin da biyu.

Ko ba a rufe komai ba, Shuhada da ƙarfe takwas na safe ko uku na rana sai mai ƙarfin hali. Hanyoyin da ke haɗa layukan biyu suna cika har mutum ya daina tafiya da ƙafarsa, taron ne yake tafiya da shi, kamar buhu a kan ruwa. A cikin tarago shirin sauka yana farawa tun daga Urabi ko Gamra. Na bayanka zai taɓa kafaɗarka ya ce "Nazil?", yana tambayar ko za ka sauka. In ka ce a'a, sai ku yi musayar wuri, shi ya matsa gaba, kai ka koma ciki, a haka har masu sauka su taru a bakin ƙofa kafin jirgi ya tsaya. Wanda bai san wannan ƙa'ida ba ya tsaya a ƙofa, za a fitar da shi ko bai yi niyya ba, kuma masu shiga ba sa jiran a gama fita. Ɗaliban Azhar 'yan ƙasashenmu sukan koyi wannan kalma kafin su gama koyon gaisuwar Misrawa. A tsakiyar jirgi akwai tarago biyu na mata, da alama a bakin dandamali daidai inda suke tsayawa, namijin da aka kama a ciki kuma tara ce. 'Yan talla suna bi tarago tarago, wani ya ajiye wa kowa ƙunshin hankici ko biro a cinya, ya kai ƙarshe, ya dawo yana karɓar kuɗi ko kayansa. Wani fasinja yana karanta ƙaramin Alƙur'ani a tsaye, ɗan yatsa ɗaya a jikin ƙarfe.

Abin da ya tara wannan jama'a araha ce. Daga 2006 har zuwa Maris ɗin 2017 tikiti fam ɗaya ne, ko tasha ɗaya za ka je ko daga Hulwan har Marg. Aka mai da shi fam biyu, sannan a Mayun 2018 aka raba shi gwargwadon nisa, fam uku, biyar, bakwai. A ranar wasu fasinjoji suka yi bore a cikin tashoshi, suna tsallake shingen tikiti, aka kama mutane. Tun daga nan an ƙara kuɗin ba sau ɗaya ba.

Ka fito sama kuwa, ba za ka ji Shuhada a bakin kowa ba, kamar yadda ba a ji Mubarak ba a zamaninsa. Kwandastan ƙaramar bas yana rataye a ƙofa yana kiran "Ramsis, Ramsis!" Mai neman littattafan makaranta zai ce zai sauka Ramsis ya shiga Fajjala. Haka sauran manyan: wanda zai je tashar Sadat Tahrir yake cewa, tashar Nasir kuma Is'af, saboda ofishin motocin ɗaukar marasa lafiya da ke wurin tun da daɗewa. Mai tambayar hanya wuri yake nema, shugaban ƙasa ba ya cikin lissafinsa.

Masu raɗa suna dai ba su daddara ba, sarki goma zamani goma. Layi na uku, wanda aka fara buɗewa a 2012 daga Ataba zuwa Abbasiyya, ya miƙa gabas a 2020 da sababbin tashoshi. Ɗaya an sa mata Hisham Barakat, babban mai gabatar da ƙara da aka kashe da bam a 2015. Ta ƙarshen layin kuma, wadda aka gina ta zama babbar mahaɗa ta jirage da motocin da ke zuwa sabon babban birnin gwamnati, an sa mata Adli Mansur, alƙalin da ya riƙe ƙasar na shekara ɗaya bayan an tuɓe Mursi, yana raye aka ɗaga allon. Mursi, wanda ya rasu a cikin kotu a 2019, ba shi da tasha.